Yaron da Ba a Samu Ba

Ranar da daktora Hanadi ta fara zuwa gidanmu, ina tsakar gida ina sheƙe riɗin da na riga na sheƙe jiya. Ko tsakuwa ɗaya babu a cikinsa. Tun da damina ta wuce haka na koma, in hannuna ya rasa aiki sai in rasa inda zan ajiye shi. Surukata Hajiya tana kan tabarma a inuwar rumfa tana jan carbi. 'Yan matana biyu, Mubina da Sara, sun tafi makaranta. Maigidana Zakari yana can Simsim wajen yankan dawa.

Ta yi sallama da Larabci. Doguwa ce siririya, da farin mayafin tob wanda bakinsa ya sha baƙar ƙasar Gadarif, da jaka a kafaɗa. Daga jin harshenta ka san 'yar Khartum ce, cikin waɗanda yaƙi ya koro mana. Ta ɗaga hannu muka yi Fatiha, ta ce, "Al-baraka fikum." Ashe ta ji an yi rasuwa a gidan.

"Daga asibitin kala'azar nake," in ji ta. "Ba ni na yi masa magani ba. Ni aikina lissafi ne."

Hajiya ta dube ni ta ce da Hausa, "Ke Safiya, ɗora mata shayi. Ki kuma tambaye ta me ya rage ba su lissafa ba."

Na ɗora shayin, ban tambaye ta ba.

Yaron da ta zo dominsa ɗan farina ne. Duk wanda ya tashi cikin Hausawa ya san abin da wannan ke nufi, ko a Kano ko a nan inda kakanninmu suka yada zango a hanyar Makka suka manta da tashi. Ba ki kiran sunansa. Ba ki ɗaukarsa a gaban mutane, ba ki yabonsa, in ya faɗi ki kau da kai wata ta ɗaga shi. Nawa ma ninki biyu ne, don sunan mahaifin Zakari aka sa masa, mijin Hajiya, Allah ya jiƙansa. Kun ga kenan ni ba na faɗa, Hajiya ma ba ta faɗa, tunda mace ba ta kama sunan miji. Da aka yaye shi ta ɗauke shi, ta raɗa masa Mailafiya saboda ba ya kuka, kowa ya bi. Ita yake ce wa Inna, ni kuma Yaya. Ni ko Mailafiyan ban cika faɗa ba. "Kai," nake cewa, ya juyo. Shekara tara "kai" ta ishe mu.

Bara, bayan an gama yankan riɗi, zazzaɓi ya kama shi ya ƙi saki. A lokacin muna kambo, wato 'yan bukkokin ma'aikata da ke bakin gona. Aka ba shi maganin maleriya har sau biyu, a banza. Ya rame, cikinsa ya fito ta gefen hagu. Babu wanda ya buƙaci likita ya gaya masa sunan ciwon, kala'azar ne. Ɗan ƙudan da ke kawo shi a tsagar ƙasa yake kwana da gindin aduwa, mu kuma a nan muke neman abinci.

Ni da Zakari muka kai shi asibiti, ƙafa ta hana Hajiya hawa lori. Likita ya zaunar da mu ya ce magani biyu ne. Akwai tsohon, allura kullum har yaro ya kasa zama. Akwai sabo, ƙwaya da ake haɗiya. Ba a san wanda ya fi ba tukuna, shi ake so a gano. In mun yarda, ba shi zai zaɓa ba, ba mu za mu zaɓa ba, ambulan ne a rufe za a buɗe. Zakari ya ce ai wannan ƙuri'a ce. Likita ya ce ƙwarai, ƙuri'a ce. Zakari ya yi bismilla ya dangwala yatsa, aka buɗe, ƙwaya ta fito.

A asibitin nan ne ya samo abin tsokanata. Kowace safiya nas takan tsaya bakin ɗaki ta kira sunansa na yanka da ƙarfi. Sai ya ƙi amsawa, ya juyo yana kallona da idanun nan da suka zurma, ya ce, "Yaya, wa ake kira? Ni ban ji ba. Faɗa mini mana." In ɗaga mafici in ce zan ci ƙaniyarsa, ya yi ta dariya har tari ya sarƙe shi. Ɗan banzan yaro, ya san sarai ba zan faɗa ba.

Ya kuwa warke, ba zan yi wa maganin ƙarya ba. Ciki ya saɓe, ya dawo yana cin tuwon asida kamar an aiko shi. Aka sallame mu, aka ce bayan wata shida mu kawo shi a duba, in ba mu zo ba su za su zo.

Damina ta same mu a kambo wajen cire ciyawa. Hajiya ta lallaɓa da ƙafar nan tata ta tafi Mafaza wajen 'yarta da ta haihu, ruwa ya tsare ta a can. Zakari yana wata gona mai nisa tare da masu tarakta, wayarsa ta faɗa laka ta mutu. Sai zazzaɓin ya dawo. Wanda bai san lakar Gadarif ba bai san laka ba, takalmi take cire wa mutum, mota take haɗiyewa har ƙofa. Maza huɗu suka ɗauke shi a kan gado za su fita da shi titi, kafin azahar suka dawo da shi, kwarin da ke tsakani ya cika ya batse. Ranar da aka samu tarakta an riga an yi masa wanka.

Ban yi kuka ba. Uwa ba ta yi wa ɗan fari kuka a gaban jama'a. Mata suka yi ta yabona, wai Safiya akwai kunya, Safiya akwai tawakkali. Na bar su suna yabo. Gaskiyar magana, ko da na shiga ɗaki ni kaɗai na nemi kukan, ban same shi ba. Ina ci, ina sha, ina salla a kan lokaci. Abinci ne dai ba gishiri ko na zuba.

Bayan ruwa ya ɗauke muka dawo gidanmu na bakin gari. Wata rana gida cike da mata 'yan gaisuwa, sai ga wani saurayi daga asibiti, Mutaz. Ya tsaya a ƙofa ya ɗaga murya, "Ina Ummu wane?" Ya faɗi sunan garau. Su Larabawa haka suke, da ɗan fari ake kiran uwa, abin ado ne a wurinsu. To ni a gaban surukata da maƙwabta in ce na'am? Na sunkuyar da kai na ci gaba da tuƙi. Hajiya ta ja mayafi ta rufe fuska. Ya tambaye ni 'ya'yana nawa, na nuna masa Mubina da Sara. Da ya ambaci sunan uban yaron, wata maƙwabciya ta ce masa ai Zakari sun yi yawa a unguwar nan, ya gwada layin baya. Ba ƙarya ta yi ba, Mailafiya ta sani, ɗayan sunan ba ta taɓa ji ba. Ya yi godiya ya tafi.

Shi ne yanzu ga wata ta zo.

Na ajiye mata shayi. Ta kurɓa, ta ce in ba ta 'yar gyaɗa in akwai. Na zaci ci za ta yi. Sai ta zuba a faifai ta raba gida biyu.

"Waɗannan allura, waɗannan ƙwaya," ta ce. "Kin san abin da ya sa aka yi ƙuri'a? Da an bar wa likita, sai ya ba masu ƙarfi-ƙarfi sabon magani, ya ba waɗanda suka galabaita tsohon da ya saba da shi. Ba da mugunta ba, tausayi ne zai sa shi. A ƙarshe a ce sabon ya fi, alhali yaran ne suka fi."

Hajiya tana jin Larabci sarai in ta ga dama. Ta ce, "Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Likita bai ga waɗanda suka warke ba ne?"

"Ya gani, ya hajja. Ido yana ganin wanda ya dawo. Wanda bai dawo ba fa?"

Hajiya ta ci gaba da jan carbinta.

Daktora ta ce akwai kwamiti a Bur Sudan da zai zauna ya yanke wanne za a saya wa ƙasar gaba ɗaya. Ƙwaya ta fi sauƙi, ba sai an kwantar da yaro ba, ana iya kai ta ƙauye a ajiye kafin ruwa ya rufe hanya. "Kowa yana so ƙwaya ta ci," in ji ta. "Ni ma ina so. Shi ya sa ban yarda da kaina ba." Ta sa yatsa ta ware gyaɗa bakwai daga ɓangaren ƙwaya, ta tura su bakin faifai.

"Waɗannan ba mu gan su ba bayan wata shida. In duk suna raye, ƙwaya ta yi daidai da allura, a raba ta gobe. In ciwon ne ya dawo ya ɗauki ko uku daga cikinsu, to abin da ake ba ƙananan yara bai kai ba, sai an gyara awon kafin a raba. Na zauna na yi ta kallonsu, ina neman abin da ya haɗa su. Ba garinsu ɗaya ba, ba shekarunsu ɗaya ba. Sai na ga biyar 'ya'yan Hausawa ne, kuma duka biyar ɗin 'yan fari. Na ce wannan ba ɓata ba ce ta haka kawai. Na tambayi wata nas Bahaushiya, ta yi mini bayani. Malesh, ki yi haƙuri, da ba mu sani ba."

Na dubi gyaɗar nan bakwai. Ɗaya a cikinsu ƙanƙanuwa ce, ta yamushe. Ban ji komai ba, na dai lura da ita.

Ban san lokacin da bakina ya buɗe ba. Na ce, "Shi yanzu me aka rubuta masa?"

Ta ciro wata na'ura kamar waya mai faɗi, ta shafa, ta karanta mini. "An sallame shi, ya warke. Bayan wannan: ba a samu ba."

"Shi kenan?"

"Shi kenan. In ba mu sami yaro ba, lissafi biyu muke yi mu ba kwamiti. A ɗaya mu ɗauka duk waɗanda suka ɓace sun rasu. A ɗaya mu ɗauka suna nan lafiya."

"Wato a ɗaya yana da rai."

Ta ɗago kai daga na'urar. "A ɗaya yana da rai."

Hajiya ta ce, "To ke da kika shigo da Fatiha, ai kin ji labari. Rubuta mana ki huta."

"An ce mini wani yaro Mailafiya ya rasu a gidan nan," in ji daktora. "Wanda nake nema ba sunansa kenan ba. Ina zaton shi ne. Amma ba zan kashe yaro da zato ba, ya hajja, ba kuma zan ɗora wa magani gawa da an ce ba. Wataƙila ma wani ciwon ne daban, damina ba ta rasa cututtuka. Sai wadda ta yi jinyarsa ta gaya mini yadda abin ya tafi, in kai wa likitoci biyu da ba su san wane magani ya sha ba, su faɗi abin da suka gani." Ta juyo wajena. "Kuma ƙa'ida ce, ba ni zan faɗi sunan ba ke ki ce i. Mutum in ya gaji yakan ce i ga komai. Ke za ki faɗa, ni in duba ko ya yi daidai."

Na ce ta jira Zakari ya dawo. Ta ce Zakari bai ga jinyar ba, kuma ƙarshen wata za a rufe lissafin, dawa kuwa ba ta ƙarewa kafin nan.

Raina bai ɓaci ba, ya daɗe da daina ɓaci. Amma bakina bai manta aikinsa ba. Na ce, "Lokacin da muke neman tarakta babu wanda ya zo da faifai. Sha shayinki, daktora, kada ya huce."

Ta shanye tas, har da godiya. Ta ce za ta sake biyowa ranar Laraba, in na ce a'a ba za ta ƙara damuna ba. A bakin ƙofa ta tsaya ta ce, "Ba zan ce miki yaro ɗaya zai juya kwamiti ba. Ban sani ba." Ta tafi. Na kwashe gyaɗar na mayar cikin kwano, har da bakwai ɗin.

Abin kunya ne in faɗa, amma kwanakin da suka biyo baya sun fi mini sauƙi. Ba hauka na yi ba, na san inda kabarinsa yake, gabas da kambo, kusa da wata aduwa mai reshe biyu. Amma ga shi an ce akwai wani wuri, cikin wata na'ura a jakar wata mata, inda aka sallame shi ya warke kuma ba abin da ya biyo baya. A can bai sake zazzaɓi ba. A can an kusa yi masa sabuwar riga ta salla, don tsohuwar ta ɗage masa. Ina wanke-wanke ina lissafa masa shekaru, goma, sha ɗaya, har na kai shi ya fara bin ubansa gona. Duniya kaf wurin nan kaɗai ya rage masa, kuma wai ni ce zan je in rufe shi da bakina.

'Ya'yan wasu kuma da za a ba ƙwayar? Na gwada tuna su, wallahi na gwada. Allah ya raya wa iyayensu. Ban ji komai ba. Har Sara na zuba wa ido tana wasa da ƙasa, na ce a raina wannan ma badi kambo za ta, ƙudan nan bai san ɗan fari da auta ba. Na san gaskiya ne kamar yadda na san gobe Talata, iyakarsa kenan.

Ranar Talatar da hantsi muna tsinke rama ni da Hajiya. Tun zuwan daktora ba mu tayar da maganar ba. Tana tsinka tana jefawa a kwarya, sai ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Ke 'yar nan, kin san Zakari ba shi ne na fari ba?"

Na tsaya. Shekara goma sha ɗaya ina gidan nan.

"Akwai wani kafin shi. A Shuwak muke lokacin. Ya yi wayo, har yana kai wa ubansa ruwa gona. Ciki ne ya kumbura, irin wannan dai. A lokacin ba ƙwaya ba allura." Ta jefa ganye a kwarya. "Ubansa ya san sunansa, ya tafi. Uwata ta sani, ta tafi. Limamin da ya raɗa, ya tafi. Shekaran jiya na zauna ina neman wanda ya rage ya sani, ban samu ba. Ni kaɗai ce. Ni kuwa ba na faɗa."

Na jira ko za ta faɗa. Ba ta faɗa ba. Ta ce ramar nan ta tsufa, sai an sa mata kanwa.

"Hajiya, me kike so in yi?"

"Ni na ce ki yi wani abu? Ke dai akwai ki da neman magana. Miƙo mini wuƙar can."

Na miƙa mata. Muka gama tsinkar, na ɗora tukunya.

Laraba daktora Hanadi ta zo da wuri, rana ba ta yi zafi ba. Ba ta tambaye ni na yarda ko ban yarda ba. Ta ga na shimfiɗa mata tabarma kusa da tawa, ta zauna. Ta karanta mini cewa ina da ikon tsayawa duk inda na ga dama, ba wanda zai ji haushina. Na ce ta fara.

Tambayoyin suna da yawa, kuma ba ta tsallake ko ɗaya ba. Ya shanye ƙwayar duka a asibiti? Ya shanye, a gaban nas. Bayan sallama ya yi wata nawa lafiya? Har aka yi shuka lafiyarsa ƙalau. Zazzaɓin da ya dawo, kullum ne ko yana zuwa yana tafiya? Kullum, ya fi tashi da yamma. Ya yi gudawa? Sai daga baya. Tari? Kaɗan. Maciji ko kunama? Babu. Wani a kambo ya yi amai da gudawa a lokacin? Babu, sai bayan mun taso. Idonsa ya yi rawaya? Bai yi ba, fari ya yi fat. Jini fa? Ta hanci, sau da yawa, har na yayyage tsohon zanena.

Ina amsawa kamar ana tambayata farashin albasa. Ita ma ba ta yi mini fuskar tausayi ba, na kuwa gode mata da wannan. Sau ɗaya ta ce, "Kin tabbata, ko kina zato?" Na ce zato nake. Ta ce to za ta rubuta zato.

"Cikinsa ya kumbura?"

"Ya kumbura."

"Ta wane gefe?"

"Hagu. Inda ya yi da farko."

"Kin gani ne, ko kin taɓa?"

Hajiya tana zaune a wurinta na kullum, carbi a hannu. Na ce, "Na taɓa." Na ɗora hannu a ƙasan haƙarƙarina na nuna mata, yatsu huɗu, da tauri kamar ɗanyen mangwaro. Kullum sai na auna. Babu kowa a bukkar sai ni da shi, 'yan matan na tura su wajen maƙwabta. Tun da aka yaye shi ban ɗora shi a cinya ba sai a kwanakin nan. Ya yi tsawo, ƙafafunsa har suna jan ƙasa, amma ba nauyi. Wannan ba ta tambaya ba, ban kuma faɗa mata ba.

"Ya yi magana a ƙarshe? Yana gane mutane?"

"Yana ganewa. Ya tambayi Innarsa. Na ce tana hanya."

Carbin Hajiya ya tsaya, ya ci gaba.

Daktora ta shafa na'urar ta kai ƙasa, ta sake komawa sama. Ta ajiye ta a cinya. "Saura ɗaya," in ji ta. "Ita ce ta farko, na bar ta ƙarshe. Yaron da kika ba ni labarinsa, mene ne sunansa na yanka?"

Can waje wani mai kura yana tallan ruwa.

Hajiya ta dafa ƙasa ta miƙe da kyar, gwiwoyinta suna ƙara. Ta gyara mayafi ta ce, "Bari in je in duba akuyar nan." Ta ja ƙafa ta zaga bayan zana. Ba mu da akuya, tun bara aka yanka ta.

Na dubi na'urar da ke cinyar daktora. Yana ciki, ya warke, an sallame shi. In na yi shiru zai ci gaba da zama a can, ba mai taɓa shi. Ba ta matsa mini ba, ko kallona ba ta yi, ta zuba wa tabarma ido. Na buɗe baki, iska ce kawai ta fita. Harshena bai san hanyar ba. Sunan nan na ji shi a bakin liman, na ji shi a bakin nas, na ji shi a bakin Mutaz, amma ban san yadda yake a nawa bakin ba.

Na faɗa, can ƙasa.

"Malesh," in ji ta a hankali. "Ban ji ba."

Sai na tuna shi a gadon asibiti, idanu a zurme, yana danne dariya. Yaya, wa ake kira? Ni ban ji ba.

"Yahya," na ce. Ya fito da ƙarfi fiye da yadda na yi niyya, irin kiran da ake yi wa yaron da ya yi nisa da gida. "Yahya Zakari."

Ta duba. Ta gyaɗa kai. Na ga yatsanta ya taɓa wuri ɗaya a fuskar na'urar, rubutun ya canja. Aikin bai fi haka ba.

A bayan zana na ji wani sauti, sai da na saurara na gane Hajiya ce. Ban taɓa jin kukanta ba. Daktora tana cewa wani abu, addu'a ce ko godiya, ban kama ba. Ni dai ƙofa nake kallo. An kira yaro, ya kamata ya amsa.